Na Amince, Ka Zo Asabar

Da keji uku ya shigo.

Tana tsaye a ƙofar falo cikin sabuwar doguwar riga, tiren lemo a hannunta, sai ga Likita ya turo ƙofar gida da gwiwa, sanye da rigar aiki mai tabon magani.

"Assalamu alaikum, Baba. Ina magunan suke?"

Baba ya juyo ya dube ta. Goggo, ƙanwar Baba, wadda ta zo tun safe don ganin suruki, ta tuntsire da dariya har da buga cinya.

"Wannan ne mai neman auren? Uwar maguna, ashe 'ya'yanki aka zo nema!"

Ji ta yi kamar ta nutse a wurin.

Shekara biyu ke nan tana zuba wa magunan unguwa abinci a bayan gidansu. Wata rana ta kai wata mai ciwon ido asibitin dabbobi, a nan suka haɗu da Likita. Abu biyu yake roƙonta tun daga lokacin: ta bari a yi wa magunan aiki su daina haihuwa, kuma ta ba shi izinin zuwa wurin Baba. Na farko ta ce zalunci ne. Na biyu kuwa kunya ta hana ta amsawa. Shekaranjiya ta daure ta tura masa saƙo: "Na amince. Ka zo Asabar."

Ba ta ce wanne ba.

Ta dire tiren ta nufi wurin magunan, ya biyo ta da kejinsa.

"Malama, lafiya? Idonki ya yi ja..."

"Ga su nan. Kwashi abinka ka tafi."

Magunan suka taho suna goga jiki a ƙafarta. Ya bi su da kallo.

"Da uku kika ce kin fara. Yanzu sha huɗu nake gani."

Ya durƙusa ya ɗaga wani kwali. Wata farar mage ce kwance, haƙarƙarinta duk a waje, jarirai huɗu a jikinta. Ɗaya ba ya motsi.

"Haihuwarta ta uku ke nan bana," ya ce a hankali.

Hawayen da take riƙewa suka zubo.

"Makon jiya na binne biyu... ban faɗa maka ba. Na zaci in dai sun ƙoshi, shi ke nan."

"Abincinki ne ya raya su, kar ki raina shi. Amma ba zai hutar da ita ba. A fiɗiye mazan, a cire wa matan mahaifa, kwana kaɗan sun warke. Wannan kam sai ta yaye."

Ta share fuska. "To... yanzu na amince da wannan ɗin ma."

"Ma?"

Ya ɗago. Ya dubi rigarta, ya dubi ɗankunnenta, ya waiwaya wajen falo. Kejin ya suɓuce daga hannunsa, magunan suka watse.

"Innalillahi! Baba ni yake jira?"

"Tun ƙarfe goma."

"Kuma na shigo a haka, na tambaye shi maguna?" Ya rufe fuska da hannu biyu. "Haba masoyiyata! Wata uku ina jiran kalmar nan, ta zo na miƙa wa maguna!"

Dariya ta kufce mata cikin kuka.

Ya karkaɗe gashin mage daga wandonsa, ya koma falo ya durƙusa gaban Baba. Ita kuwa ta laɓe a bayan labule.

"Baba, a gafarce ni. Wallahi kuskuren fahimta ne. Ina sonta, ina neman izini."

Goggo ta taɓe baki. "Likitan kyanwa dai, Yaya? Duk mazan garin nan?"

Baba ya ɗaga mata hannu. Ya juya ga saurayin.

"Aikin nan naka, yana hana su kukan nan da faɗa a kan rufi?"

"Yana ragewa sosai, Baba."

"To tashi ka kama su. Shekara biyu ban huta ba. Ranar da ka gama da ta ƙarshe, ka turo manyanka."