Baburin Cikin Kwali

Sati uku ke nan kuɗin babur na kwance a asusun Auta, sati uku kuma matarsa na ce masa ya dakata. Sana'arsa kai burodi shaguna, da tsohon keke yake fama, kullum sai ya dawo gida gwiwoyinsa na rawa.

"Gobe zan je wurin dilan baburan nan na bakin kasuwa," ya ce da ita bayan sun ci abinci.

Matar, wadda yake kira 'yar makanike saboda sana'ar marigayi mahaifinta, tana ninke kayan wanki. "Ka ƙara mini kwana huɗu, maigida. Bari wata ya zo ƙarshe. Lokacin ne kamfani ke matsa wa diloli su kawo ciniki, lokacin ne suke laushi."

Washegari da yamma yayarsa ta zo. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, maganarta kuwa ba ya tsallake ta. Ta jira har matar ta shiga kicin, sannan ta jawo kujera kusa da shi.

"Auta, kai ka aiki matarka shagon dilan nan?"

"Ni? A'a, Yaya."

"To sau biyu maƙwabciyata tana ganin ta a can. Har kujera ya ba ta. Ni ban ce komai ba fa. Amma ko dai kamasho suka shirya a kan guminka, ko kuma abin da bakina ba zai iya faɗa ba."

Daga ranar Auta ya ɗaure fuska. In ta gaishe shi sai ya amsa a ciki. In wayarta ta yi ƙara sai ya bi ta da ido. Rana ta uku ya kasa haƙuri, ya tare ta a bakin ƙofar ɗaki.

"Me kika je yi wurin mutumin nan?"

"Farashi na je tambaya. Ba shi kaɗai ba, shago biyar na zaga."

"Ba da sanina ba?"

"Da na faɗa maka da ka bi ni. Kai kuma in ka ga babur fuskarka ba ta ɓoye komai, maigida. Kafin ka buɗe baki sun gama karanta ka."

"Haka dai kika ce. Gobe za mu je, kuma da Yaya za mu."

Ta koma kicin tana wanke kwanoni, hawaye na ɗiga cikin ruwan sabulu.

Shagon dogo ne, babura a jere ta gaba, manyan kwalaye a jibge ta baya. Dilan na ganin matar ya washe baki. "A'a, Madam, an dawo ke nan?" Yaya ta taɓa Auta da gwiwar hannu. Shi kuwa ya ƙara ɗaure fuska.

Dilan ya ja shi wurin wani jan babur da ke bakin ƙofa, an goge shi yana ƙyalli. Auta bai san lokacin da hannunsa ya hau shafa tankin ba. Dilan ya faɗi kuɗi, ya ce ragi ne ya yi masa don ya ga mutumin kirki ne.

"Har da kuɗin haɗa babur?" matar ta tambaya.

"Wannan daban ne."

"Batir fa? Da rasit, da takardar garanti?"

"Madam, kowanne da ɗan abin da ake sa masa."

"To ka haɗa mana su duka ka faɗi kalma ɗaya, abin da za mu biya mu hau titi. Kuma ba wannan muke so ba." Ta durƙusa ta nuna tayar baya. "Dubi ƙasa a cikin zanen taya, dubi bakin salansa ya sauya launi. Wannan ya sha gwaji. Na cikin kwali za a buɗe a gabanmu."

Dilan ya haɗa, ya faɗa. Ta girgiza kai. "Shagon bayan tasha ya fi ka sauƙi da nisa. Maigida, mu tafi."

"Malam," in ji dilan, ya juya mata baya, "magana ta maza ce. Guda biyu suka rage, jibi kuma kaya za su tashi. In ka fita ƙofar nan, farashin nan ya fita tare da kai."

Yaya ta raɗa masa a kunne, "Duk shiri ne. So take ta kai ka inda kasonta ya fi tsoka. Ka biya da hannunka mu wuce."

Matar ta riga ta kai bakin titi. Ba ta waiwayo ba. Auta ya dubi baburin, ya dubi yayarsa, ya dubi bayan matarsa. Ya san in ya ciro waya ya tura kuɗin nan, ya gama faɗa mata matsayinta a gaban mutane. Ya janye hannunsa daga tankin.

"Yi haƙuri, Yaya," ya ce, ya bi ta.

Sun kusa tsallaka titi dilan ya fito yana tafa hannu. "Ku dawo mana. Haba Madam, ke ba a yi miki wasa?"

Ya sauko da farashi har ƙasa da na bayan tasha. Yana rubuta rasit yana mita. "Sau biyu matar nan tana zuwa tana sa mini ciwon kai, ko ruwa ba ta taɓa karɓa ba. Ashe kai ne mijin. Malam, don Allah ranar da za ka sayi na biyu ka zo kai kaɗai."

Yaya ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi.

Awa huɗu suka yi a shagon ana haɗa baburin. Matar ta duba lambar inji ta gwada da ta rasit, ta sa aka ƙara ɗaure nocin tayar gaba. Can Yaya ta matso, ta miƙa mata kujerar da take kai.

"Zauna, ƙanwata. Bakina ya yi gaggawa."

"Ni ma da laifina, Yaya. Bai kamata in fita ban faɗa masa ba."

Auta ya tayar da babur. Ya ce a hankali, "'Yar makanike, ki yafe mini. Hau mu tafi gida."

To, yara, ku ji da kyau. Ba a sayen babur da zumuɗi. A zaga, a tambaya, a nemi jimlar kuɗi gaba ɗaya, in an ƙi a juya baya. Mace kada ta ɓoye wa mijinta tafiyarta, ko da alheri ta je nema. Namiji kuma in an kawo masa magana a kan matarsa, ko daga bakin wadda ta raine shi ne, ya tambaye ta tun ranar, kada ya kwana uku yana ɗaure fuska. Wannan yarinya ta haɗiye zargi ba ta rama ba, shi ya sa ta koma gida a bayan mijinta da mutuncinta cikakke.