Gyara a Kan Sunan Malam Isyaku

Ranar wata Laraba bayan Azahar Allah Ya ƙaddara haɗuwarsu. Firdausi, ma'aikaciyar jinya, ta hau benen da ofishin wata mujallar fasaha ta intanet yake a Gyaɗi-Gyaɗi, ta tambayi wanda ake kira Shamsuddeen. Da ya miƙe, sai ta ajiye wayarta a gabansa, labarin da ya rubuta wata takwas baya yana buɗe.

Labarin gobara ne da batiran sola suka haddasa a Unguwar Gano. Shamsuddeen ya ga sitika mai sunan Malam Isyaku a bango kusa da batiran, ya rubuta cewa shi ya haɗa wutar solar. Alhali kiransa kawai aka yi ya duba. Ya gargaɗi masu gidan, ya manna lambarsa kamar yadda masu sana'ar suka saba, ya tafi.

"Mahaifina ne," in ji ta. "An daina kiransa aiki. Ya rasu da azumi. Ka goge."

Ya bincika, ya tarar gaskiya ta faɗa. Amma ya shaida mata ƙa'idarsu ta hana share kuskure a ɓoye: sai dai a gyara wurin, sannan a rubuta a ƙasa abin da aka faɗa da farko, da ranar gyaran. Haka aka yi. Layi uku ne.

Tun daga ranar marigayin bai rabu da shi ba. In ya tsaya a sahu, sai ya ji kamar wani na bayansa yana jiran ya sallame. Hoton tsohon labarin kuma bai daina yawo a wayoyi ba, ba gyara a jikinsa.

Ya riƙa kiranta yana sanar da ita inda aka kwana, har zance ya zarce inda ba su nufa ba. Wata rana ya rubuta mata:

"Firdausina, na san ajali ba ya hannun kowa. Amma ban taɓa ganin fuskar Baba ba, kuma kullum ina ganinta."

Ta amsa: "Malam mai gyara, ni na yafe tun ranar da ba ka yi mini musu ba. Saura Inna."

Hajiya Uwani kuwa ta ce ba za ta ba da 'yarta ga hannun da ya rubuta wancan abu ba. Da ya durƙusa a zaurenta a Tarauni, ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye shi wa ke karanta layi uku a ƙasan shafi.

"Mai rai a je a roƙe shi gafara, Shamsu. Mamaci fa?"

Ya koma wurin editarsu, Madam Ruth, ya roƙi a ɗauko gyaran a sa shi a sama, da cikakken sunansa. Ta ce mujalla ce ke ɗaukar laifi, ba a sa sunan marubuci a gyara. Ya ce ran gobe ƙiyama ba mujalla za a tsayar ba. Daga ƙarshe ta amince.

Ya buga shi a takarda, ya nemi izinin limamin masallacin da aka yi wa marigayin sallah. Bayan La'asar ya miƙe ya karanta. Wani dattijo ya sunkuyar da kai, ya ce shi ma yana cikin waɗanda suka daina kiran Isyaku. Ta lasifika Hajiya ta ji komai, tana zaune a kan dardumarta a gidanta da ke kusa da masallacin.

Sai bayan mako uku ta aika a kira shi.

"Ban san ko da mahaifinta na raye zai ba ka ita ba," ta ce. "Ni dai na ba ka. Ka riƙa sa shi a addu'a."

A masallacin nan aka ɗaura auren, ƙanen marigayin, Alhaji Zakariyya, ya yi walicci. Allah Ya jiƙan Malam Isyaku, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba waɗannan biyu zaman lafiya da zuriya mai tsare harshe.