Kwalba Biyu a Hanyar Tsibiri

Rana ta yi ja lokacin da Kyauta ta baro asibitin Maraɗi da 'yan kwalabe biyu ƙulle a bakin zane. Ɗiyarta Tahira ce aka yi wa aikin tsiron hanci, wanda ya hana ta jin ƙanshi, ya sa numfashinta fito kamar sarewa: fiii, fiii. Likita ya yanke tsiron, ya ɗan tsinki lafiyayyen nama don ya gwada su. Ya ce duka biyun suna ɗauke da uwar ƙwaya, mai sake haifar nama, shi ya sa tsiron kan dawo.

Kyauta dai ba ta fahimci wannan ba. Abin da ta sani, ba a barin naman mutum a hannun baƙi. Binne shi ake kamar cibiya. Ta nace har aka ba ta. Likita ya ɗiga jan biro a kwalbar tsiron.

Kusa da gulbi babur ɗin kabu-kabun da ta hau ya mutu. Mai babur ya tura shi gaba, ta biyo a ƙasa.

Kwaɗi suka yi tsit. Warin ɗanyen laka ya taso.

Wata tsohuwa na tsugune gindin tsamiya, lulluɓe har baki.

"Sannu, Iya," in ji Kyauta.

"Uwar Tahira," tsohuwar ta ce a hankali, muryar a toshe. "Ajiyata ce kika sa aka yanko. Ba ni abina."

Mayafin ya zame. Inda hanci ya kamata ya kasance, fata ce shafe, sumul.

Kyauta ta kwance bakin zane. Gumi ya cinye jan biron. Kwalba biyu, nama biyu, kamar an tsaga kara.

"Ɗaya nawa, ɗaya na ɗiyarki. Zaɓi."

"Wallahi Iya ban gane ba..."

"Uwa ce ba ta san naman ɗiyarta ba?"

Kyauta ta rufe ido. Ta miƙa ta dama.

Yatsu masu sanyi suka karɓa.

Ta ruga, takalmi ɗaya a baya, tana jan A'uzu har ta cimma mai babur. Tana isa gida Tsibiri ta binne ɗayar bayan ɗaki.

Tahira ta warke. Numfashi sumul, tsiro bai dawo ba. Amma ko an soya albasa gabanta, sai ta ce, "Inna, mi ke warin laka haka? Kamar ina kwance cikin gulbi."

Kyauta kuwa, da magariba ba ta zagayawa bayan ɗaki. Ƙasar wurin ta kumbura, kullum tana ƙara tudu, kuma in ka kasa kunne za ka ji ta.

Fiii. Fiii.