Abin da Turai Ta Tara a Rumbu

Da igiyar takalmin Turai ba ta tsinke a tsakiyar kasuwar Batsari ba, da ta wuce rumfar Armaya'u ko waiwaye ba ta yi ba. Amma ta tsinke, daidai gaban tabarmar da ya jera butoci da kofuna da takalman roba, ja da kore da shuɗi.

"Sannu, baiwar Allah. Matso da ƙafar in gani."

"Ƙafata ba ta kallo ba ce," ta ce, ta ja gyale ta rufe rabin fuska.

Ya yi dariya, ya auna ta da ido, ya miƙa mata wani jan takalmi. Ya zauna mata cif. Da ta ciro kuɗi sai ya ƙi karɓa, ya ce ta bar masa tsinkakken kawai.

"Mi za ka yi da shi?"

"Tarawa nake. Ke 'yar ina ce?"

"Safana."

Ta tafi tana cewa a ranta wannan mutum da ɗan taɓi. Amma har motar Safana ta tashi, idonta na kan jan takalmin.

Armaya'u a Kano ya koyi aikin roba. Da ya dawo gida ya kafa 'yar masana'anta a bayan tasha, injina biyu da janareto mai shan gas. Lokacin kuɗin fetur na yawo a ƙasa, kowa na neman inda zai zuba nasa. Mutum biyu suka sa hannun jari: Haliru, ma'aikacin ƙaramar hukuma mai sabuwar mota Fijo, da Alhaji Barau, babban dillalin shanu na Safana.

Ranar da Armaya'u ya je gaida Alhaji Barau, yana zaune a zaure aka aiko da ruwa. Kafin ya ɗaga kai ya ga jan takalmi a bakin ƙofa. Ashe 'yar Alhaji ce. Ruwan ya sha, amma bai san ɗanɗanonsa ba.

Daga nan hanyar Safana ta san babur ɗinsa. Ranar da bai samu zuwa ba, sai ya aiko da sabuwar buta a motar kasuwa, wai ta gwaji ce a ba mutanen gida. Turai kaɗai ta san a leƙa ciki, don nan yake ɓoye mata wasiƙa.

"Hasken idona, yau na zuba ja a inda ya kamata in zuba kore. Laifinki ne. Ki gaida Inna."

Ita kuma ta mayar ta hannun direba, a cikin ƙullin tsamiya:

"Mai buta, ka daina ɗora mini laifi. Butoci sun yi yawa a gidanmu, Inna ta fara tambaya. Ka zo da kanka."

Ana haka kuɗin ƙasa ya fara ja baya. Ƙwayar robar da ake shigowa da ita daga waje ta yi wuya, in an samu kuma tsada. Injinan Armaya'u suka koma kwana a kashe. Sai ya tara masu jarinsa a zauren Alhaji, ya zube tsinkakkun takalma da fasassun butoci a gabansu.

"Ga ƙwayarmu nan, Alhaji. In muka sayi injin niƙa, mu wanke, mu niƙa, mu narkar, ba mu jiran jirgin kowa."

Haliru ya ture wani takalmi da tsinin nasa.

"Ni kuɗina na sa a masana'anta, ban sa a juji ba. A rufe a jira kaya su sauko."

Alhaji Barau ya daɗe yana shafa gemu.

"Yaro, wanga abu bai kwanta mini ba. Mutanenmu ba su yar da kaya. Buta ta fashe, a sa wuƙa a wuta a liƙe ta. Ina za ka samu abin da zai ciyar da inji? Na biyu kuma, na ji take-takenka a gidan nan. Ba za a ce surukin Barau na tsince-tsince a bola ba. Na ba ka daga nan zuwa kaka. In ban ga kaya ba, zan janye kuɗina, maganar yarinya kuma ka bar ta."

Turai tana bayan ƙyaure ta ji komai. Ba a yi mako ba, Fijon Haliru ta fara tsayawa a ƙofar gidansu da la'asar. Shi dai bai yarda da tsohuwar roba ba, amma 'yar Alhaji ya yarda da ita sosai.

Matsalar Armaya'u ɗaya ce. Tsofaffin robobi a cikin gidaje suke, hannun mata, shi kuwa namiji iyakarsa zaure. Sai ya yi magana da Saude, mai tallar nono daga Babban Duhu, wadda ba gidan da ba ta shiga da ƙwaryarta. Ta kawo buhun tsofaffi, ya ba ta sababbin kofuna ta raba wa matan a madadinsu.

Saude fara ce, doguwa, ga wushirya, kuma ba ta da miji. Wannan na ƙarshen shi mata suka fi nanata wa Turai.

Ranar kasuwar Batsari Turai ta shirya ta je ta gani da idonta. Daga nesa ta hango shi a durƙushe, yana gwada wa Saude takalmi, ita kuma tana dafe da kafaɗarsa tana dariya har da karkata kai. Turai ta tsaya cak. Kishi ne, ba ta ma yi ƙoƙarin ba shi wani suna ba. Ita ya auna ta da ido daga nesa, wannan kuwa har da riƙe diddige!

Ta juya ba ta yi masa magana ba. Washegari Saude ta shigo gidansu da tallarta da buhunta.

"Masu gida, akwai tsofaffin takalma? Armaya'u ya ce in gaishe ku."

Yadda ta ja sunan nan a bakinta, kamar tana lasar man shanu. Turai ta shiga ɗaki, ta ɗauko jan takalmin da ko ƙura ba ta bari ta hau shi, ta jefa a buhun.

"Kai, wannan ai sabo ne!"

"A wurina ya tsufa."

Da yamma kuma ta ci kwalliya ta fita zance wurin Haliru, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya jikin Fijon, a inda duk mai wucewa zai gani. Hirar tasa duk ta ƙarin girma a ofis ce, ba ta ji ko rabi ba.

Labari ya riga buhu isa Batsari. Da Armaya'u ya zazzage buhun ya ga takalmin, sai ya hau babur ko hula bai sa ba. Ya same ta a ƙofar gida, ya ajiye takalmin a tsakaninsu.

"Mi na yi miki, Turai?"

"Ka tambayi mai wushirya."

"Ke kuma mi kike nema a jikin motar Haliru? An ce har dariya kika yi masa."

"Ashe ana kawo maka rahoto."

"Tun jiya ban ci abinci ba. In na rufe ido, ke nake gani a gaban motar nan."

Ta so ta ci gaba da ɗaure fuska, amma daɗi ya kama ta. Ashe shi ma yana ƙuna.

"To kai fa? Ka riƙe mata ƙafa a gaban duk kasuwa."

"Ciniki ne, hasken idona."

"A wurinka. Ita na ga idonta."

Ya san ba ƙarya ta yi ba. Sai ya ce, "In na sallame ta, wa zai shigar mini gidaje? Abin da take kawowa ma bai kai ya cika idon Baba ba. In kaka ta yi ban tara ba, na rasa ki."

Turai ta sunkuya ta ɗauki takalminta ta sa.

"Gidan da take shiga da ƙwarya, ni da gyale nake shigarsa. Ka aiko mini da kofuna. Kada ka tambaye ni komai."

Damina ce, ba biki ko suna da ya wuce Turai a Safana. Har Tsaskiya ta je, wai gaida gwaggonta. Duk inda mata suka taru sai ta fito da kofuna, su kuma su shiga tono ƙarƙashin gado da bayan murhu. Sai ga butocin da aka liƙe har suka gaji da liƙi, da takalman yara warin ƙafa ɗaya, da bokitan da kaji ke ƙwai a ciki. Ƙawayenta suka riƙa kawo mata a ƙunshe cikin zane.

In ta gaji, sai ta tambaya ko mai nono ta riga ta zuwa gidan. In an ce e, gajiyar ta gudu. Wani gidan ma sai da ta koma ta sake kwashe abin da Saude ta raina.

Wurin ɓoyo ne ya so ya gagare ta. Innarta, wadda ta gano zancen tun tuni ta yi kamar ba ta gani ba, ta ce wata rana tana tankaɗe, "Babban rumbun nan dai ba kowa a ciki sai an yi girbi." Ta ci gaba da tankaɗenta.

Gero ya nuna. Wata safiya Alhaji Barau ya sa tsani ya hau don ya duba rumbun kafin a kawo dammuna. Ya ɗaga murfi, ya leƙa, ya daɗe a haka. Ya zura hannu, ya fito da fasasshiyar buta. Ya sake zurawa, ya fito da takalmi. Rumbun ya cika har wuya.

"Innalillahi! Wa ya mayar mini da rumbu juji?"

Turai ta fito ta durƙusa.

"Ni ce, Baba."

"Shi ya sa ki?"

"Bai ma san inda nake zubawa ba."

"To don mi? Na ce ba ni son suruki mai bin bola, sai 'yar cikina ta zama ita ce mai bin?"

Ta so ta ce taimako ne, ko tausayi. Amma ba ta saba yi masa ƙarya ba. Hawaye suka zubo.

"Baba, kishi nake ji. Wata ce ke kai masa, ni kuma ba na son ya ga hannun kowa sai nawa. In kun hana shi, ni kuka hana."

Innarta ta toshe baki da gefen zane. Alhaji ya dubi 'yarsa, ya sake duban rumbun. Fushi na cinsa, amma shi ɗan kasuwa ne tun yana saurayi, idonsa ba ya ƙin ganin kaya.

"Duk wannan daga ina da ina?"

"Safana da Tsaskiya kawai."

"Gari biyu. Yarinya ɗaya." Ya sauko a hankali. "Ni da na ce ba kaya, ashe a gidana suke kwana. Ku kwashe mini shi kafin gero ya iso. A kuma kira mini yaron nan."

A zama na biyu Haliru bai sauya ra'ayi ba. Ya ce ko rumbu goma aka cika, shara sunanta shara, a ba shi kuɗinsa. Alhaji ya ce ba laifi, shi zai sayi rabon nasa. Ya juyo ga Armaya'u.

"Ka je Kano ka yi cinikin injin. In ka dawo, ka turo magabatanka."

Armaya'u ya durƙusa har goshinsa na neman taɓa tabarma, bakinsa ya kasa komai sai, "Allah ya ƙara girma, Baba."

Bayan an gama kai amfanin gona gida aka ɗaura aure. Safana ta cika, motocin Batsari suka yi ta jigila. Da za a tafi da amarya, Alhaji ya kira su biyun zaure.

"Rabon Haliru da na saya, na ba Turai, halak malak. Ita ta wahala a kai. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari, ya sa kasuwa ta yi kyau. Kai kuma ka riƙe ta amana. Yarinyar da ta cika rumbu don kishi, ina ba ka shawara kada ka gwada ta."

Dattawa suka fashe da dariya, suka shafa fatiha.

Da 'yan rakiya suka watse, Armaya'u ya zauna gefen amaryarsa, ya ɗaga mayafin a hankali.

"Barka da zuwa, hasken idona. Yanzu kin zama uwar ɗakina a masana'anta. Mi ne ra'ayin mai jari?"

Ta sunkuyar da kai, murmushi na neman ƙwace mata.

"Saude ta ci gaba da aikinta, tana da ƙoƙari. Amma ni za ta riƙa kawo wa buhun."

"Na yarda."

"Gwajin takalmin mata ma ni zan riƙa yi."

"To ni mi ya rage mini?"

Ta ɗago ta dube shi sosai, karo na farko ba gyale a tsakani.

"Ni," ta ce.

Allah ya bar su tare, ya sa albarka a gidan da abin da ke cikinsa.