Tsakuwar Idon Ruwa

Rana ta riga ta faɗa bayan tsauni, farin gajimare ya fara saukowa cikin gonakin gahawa kamar yadda ya saba a ƙauyen La Quiebra, lokacin da dutsen farko ya faɗo a kan kwanon gidan Arnulfo Zuluaga. Matarsa Berenice tana ɗakin girki tana gasa arepa, wainar masara. 'Yarsu Yurany, budurwa ce da ta kusa gama sakandare, tana zaune a bakin ƙofa tana tsince wake. Shi kuwa Arnulfo yana inda yake kullum tun shigowar damina, a tsugune cikin rumfar gefen gida, gaban babur.

Sai na faɗi yadda babur ɗin yake kafin in ci gaba. Na mahaifinsa ne, irin dogon nan mai manyan tayoyi da ke bin kwalta ya kuma hau duwatsu. Ja ne a da, ko kuwa ruwan goro, launin ya shige mini. Ya yi shekaru a ƙarƙashin tsofaffin buhuna, har kaji sun mai da kujerarsa wurin ƙwai. Da alfadarar gidan ta mutu, Arnulfo ya rantse sai ya tayar da shi ya riƙa kai gahawa gari da shi. Ba shi da kayan aiki sai 'yan sufanu, filaya, guduma, da wata wuƙar girki da ya goge bakinta ta zama sukundireba. Ya warware kafireta a kan farantin Berenice, ya wanke ta da fetur da tsohon buroshin haƙora. Ya yanko gasket, 'yar shimfiɗar da ke hana inji yoyo, daga kwalin takalmi. Fistin da ya kafe, ya jiƙa shi da mai, ya yi ta bubbuga shi a hankali da guntun icen gwaiba har ya motsa. Ya yi aiki mai kyau, wannan kam ba wanda zai hana shi. Amma injin bai taɓa tashi ba. Berenice ba ta kiran babur ɗin da komai sai gawa, takan ce in ya gama yi wa gawar wanka ya faɗa mata ta kira fadan coci ya zo ya yi addu'a a binne.

Tanki ne ya fi ba shi wahala, don tsatsa ta cinye cikinsa. Maganinta a wajen masu gyara a gida shi ne a zuba tsakuwa da ruwan tsami, a toshe, a yi ta girgizawa. Tsakuwar hanya duk laka ce, don haka ya gangara bayan gida, cikin kurmin gora, inda idon ruwa yake. A can akwai farar tsakuwa mai santsi, kamar an zaɓe ta da hannu. Tsofaffin ƙauyen suna ɗiban ruwa a wurin, amma ba sa ɗaukar komai, kuma ba sa zuwa bayan la'asar. Ya cika hularsa ya dawo. Da ya gama girgizar tankin, Berenice ta ce in ya zubar mata da wannan ƙazanta a tsakar gida ranar zai kwana da kaji. Sai ya haɗa jan ruwan da tsakuwar da kwano guda na baƙin man da ya tsiyaye daga injin, ya koma kurmin da magariba, ya juye duka cikin idon ruwan.

Washegarin ranar ne, ko bayan kwana biyu, dutsen ya faɗo. Arnulfo ya fito yana zagin 'ya'yan maƙwabta. Ba kowa. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo shi, suna gangarowa kan kwanon a hankali kamar ana ja musu rai. Na huɗun cikin ɗakin girki ya faɗo, ƙofa da taga a rufe, ya tsaya kusa da ƙafar Berenice. Ta ɗauka. Tsakuwa ce mai santsi, a jiƙe, ta yi ja da tsatsa, tana warin fetur. Ta miƙa wa mijinta.

Daga nan kowace magariba sai an yi jifa. Da safe Arnulfo yakan tarar an kitse wayar birki da ta kuloci da wayoyin wuta wuri guda, kitso siriri mai kyau, irin wanda a da ake tararwa a gezar dawaki. Ya warware, gobe a sake. Sufanunsa sukan kwana a kan rufi. Tukunyar wake ta cika da ƙasa tana kan wuta. Akwai kuma fito, wanda in ka ji shi nesa gashin jikinka ya tashi, don mai yin sa yana bayanka. Mutanen ƙauye ba su yi ta kewaye-kewaye ba, suka ce duende ne, aljanin kurmi, guntun nan mai faffaɗar hula. Arnulfo ya ce hassada ce, don sun ga babur ya kusa tashi.

Sai abin ya koma kan Yurany. Ta fara tashi da gashinta a ƙulle ƙanana-ƙanana, matsefi ba ya shiga. Hannuwanta duk shaidar mintsini. Ta daina cin abinci, ta ce komai ɗanɗanon baƙin mai yake yi mata, in ta tofa yawu kuwa baƙi ne. Ni na koyar da ita karatu tana ƙarama, yarinya ce mai yawan tambaya, amma da na je duba ta ko ɗaga kai ba ta yi ba. Wata magariba aka neme ta aka rasa. Uwarta ta same ta a tsaye cikin idon ruwan, ruwa ya kai mata ƙugu, tana tsince tsakuwa ɗaya-ɗaya tana gogewa da rigarta. Maza biyu ne suka iya fito da ita. Tun daga ranar, in la'asar ta yi sai a ɗaure ƙafarta a jikin gado, don kowa ya san in ta sake shiga ruwan ba lallai a same ta a tsaye ba.

Gidan ya zama ba a magana sai da faɗa. Berenice ta ce shi ya jawo, da gawarsa. Ya ce wa ya hana shi zubarwa a tsakar gida? Likitan gari ya ba da ƙwayoyin barci. Fada ya zo ya yayyafa ruwa, tsakuwa ta kaɗe masa hula, bai tsaya shan gahawa ba. Duk da haka, da gari ya waye Arnulfo yana rumfa yana goge filogi. A ƙarshe Berenice ta aika wa kawunta, Don Evelio, wanda rabonsa da gidan tun ranar aurenta, domin shi da Arnulfo ba sa ga maciji. Tsoho ne mai karatu, ya yi shekaru yana koyar da addu'o'i a coci kafin a san shi da aikin korar aljanu.

Ya iso da yamma a kan ƙafarsa, da tiple rataye a bayansa, ƙaramar garayar nan ta mutanen tsauni. Bai gai da Arnulfo ba. Ya leƙa rumfa, ya daɗe yana kallon babur ɗin, ya ce a fito da yarinyar baranda a zaunar da ita a kujera. Ya kunna kyandir, ya karanta abin da zai karanta a hankali. Sannan ya zauna ya kwance tsirkiyoyin tiple ɗin, wannan ya sassauta, wannan ya ɗaure fiye da kima. An ce duende makaɗi ne tun asali, ba abin da ya tsana kamar kiɗan da bai daidaita ba.

Gajimare ya rufe gonar. Tsuntsaye suka yi shiru. Tsohon ya kaɗa.

Yurany ta toshe kunnuwa ta banƙare, kujerar ta yi ƙara. Muryar da ta fito daga bakinta siririya ce, tsohuwa, kamar ana magana ta cikin gora.

"Tsoho, gyara tsirkiyar nan. Ba ka jin kunya?"

"Kunnena ya mutu, ɗan guntu, ni daɗi take mini," in ji Don Evelio, ya ƙara kaɗawa. "Me 'yar mutane ta yi maka?"

"Ita ba ta yi ba. Ga makaniki can yana ɓuya a bayan ginshiƙi. Makaniki, fito mana. Ka kwashe mini shimfiɗa, ban ce komai ba. Ka dawo mini da ita da kashin ƙarfe, ka juye mini a ka ina cin abinci. Kai ka taɓa shan baƙin mai? 'Yarka ta sha, tambaye ta."

Arnulfo ya fara cewa bai san da kowa a wurin ba. Don Evelio ya ce masa ya rufe baki, ba da shi ake ba tukuna. Ya tambayi aljanin abin da zai karɓa ya tafi. Aljanin ya ce yarinyar yake so, tana da hannu mai kyau wajen wanke dutse, in ta gama wanke su duka zai duba ko ya sake ta. Tsohon ya yi ta kaɗa wannan mugun kiɗa har mu mutanen ƙauye da muka taru a wurin haƙoranmu suka fara tsami. Tsakuwa ta yi ta zuba kan kwano. Aljanin ya zagi tsohon, ya zagi uwar da ta haife shi, ya faɗi wani abu game da ƙuruciyarsa da ba zan maimaita ba. Daga baya ya ce to, a ba shi hannun dama na makaniki. Don Evelio ya ce ai da ya ba shi har da na hagu, sai dai ba nasa ba ne, ya nemi wani abu. Can sai aljanin ya sake magana.

"Gidana ya ɓaci, ba na zama a cikinsa. Zan haura can sama, inda ba ku kai ba. Nisa ne, kuma ƙafata gajera ce. A ba ni dokin ƙarfen."

Duk muka juya ga Arnulfo. Ya dubi rumfar. Ya shafa hannunsa a wando.

"Akwai saniya," ya ce. "Tana da ciki ma."

Berenice ta kira sunansa sau ɗaya, ƙasa-ƙasa. Aljanin ya yi dariya da bakin yarinyar har hawaye suka zubo mata.

"Tsoho, ka ji surukinka? Me zan yi da saniya, nono zan sayar?"

"Ai bai ma tashi ba," in ji Arnulfo. "Wata nawa ina fama, ko tari bai yi ba. Me za ka yi da abin da ba ya tashi? Ka ɗauki saniyar, in ƙara maka da aladena."

Don Evelio ya ɗora tafinsa a kan tsirkiya, kiɗan ya tsaya. Nan take Yurany ta miƙe ta nufi hanyar kurmi, tana jan uwarta da ta riƙe ta kamar ba a riƙe ta ba. Tsohon ya ce wa Arnulfo yatsunsa sun gaji, shi ba yaro ba ne, ko dai ya tura babur ɗin yanzu ko ya je ya tsamo 'yarsa da safe. Sai a lokacin Arnulfo ya shiga rumfa.

Ya cika tankin, ya tura babur ɗin har bakin kurmin gora, mu muna biye daga nesa, tsohon yana kaɗawa a hankali don yarinyar ta tsaya. Aljanin ya ce a tayar masa. Arnulfo ya taka sau ɗaya, injin ya kama. Sauti ne mai tsabta, ba tari ba gargada, irin wanda mai gyara ke kwana yana mafarki. Ya tsaya riƙe da kan babur ɗin, kansa a karkace yana saurare, har sai da Don Evelio ya ce masa ya sake shi ya juyo, kada kuma wanda ya waiwaya. Muka juyo. A bayanmu muka ji an sa giya, muka ji ƙarar tana haurawa ta cikin kwazazzabo, wurin da ko akuya ba ta da hanya, tana ƙanƙancewa har ta ɓace. Yurany ta yi atishawa mai ƙarfi ta sulale a jikin uwarta. Da ta buɗe ido ta ce tana jin yunwa.

Ba a ƙara jifa ba. An aske mata gashin don ƙullin ya ƙi warwaruwa, ta fara cin abinci, ta koma makaranta. Don Evelio ya tafi a daren bai sha ko ruwan gidan ba. Lokacin girbi Arnulfo ya riƙa kai gahawa bakin titi a bayansa.

Ina gidan wata safiyar Lahadi, na manta abin da ya kai ni. Arnulfo ya dawo daga gari da ɗan kunne a takarda, ya ajiye a gaban 'yarsa a baranda. Ta duba, ba ta taɓa ba.

"Baba, ran nan bakina ne ba nawa ba. Kunnena nawa ne. Na ji ka."

Ya yi ɗan murmushi, ya dube ni kamar zan taimake shi.

"Ciniki ne, mija, 'yata. Wa ke sallamawa a tayin farko?"

"Har da aladen," ta ce.

Ta tashi ta shiga ciki wajen uwarta, ta bar ɗan kunnen a nan cikin takardarsa. Na ci gaba da zuwa gidan shekaru bayan haka, tana gaishe shi, tana kawo masa abinci, amma ban ƙara ganin ta zauna a inda yake zaune ba.