Shafukan da Gara Ta Ci

"Ba inda za ka," in ji Kawu Daudu, bai ko ɗago daga igiyar da yake tufkawa ba. Matar da ta fita da ƙafarta, ya ce, ta san hanyar dawowa, kuma a gidan nan ba a taɓa zuwa biko don namiji ya riƙe kunyarsa ba.

Hamma ya ce to. Kawun ne ya rene shi tun rasuwar mahaifinsa, bai taɓa musa masa ba.

Tun farkon damina Nafisat ta koma gidansu a Kazaure, bayan rasuwar ɗansu na fari. Ranar da aka binne yaron Hamma bai yi hawaye ba. Haka ya taso ya gani a rugarsu ta bayan Gwiwa: uba ba ya kukan ɗan fari a gaban mutane, ko sunansa ba ya kamawa. Washegari ya kora shanu kiwo. Ita kuwa 'yar gari ce, malamar firamare. Ta jira kalma ɗaya daga bakinsa har ta gaji, ta haɗa kayanta.

Bayan maganar Kawu, Hamma ya shiga ɗakinta, ya fito, ya sake shiga. Ya goge babur ɗin da ba shi da datti. Furar da aka dama masa ƙudaje suka samu.

A bayan akwati ya tsinci littafin da take karanta wa 'yan ajinta, wani tsohon labarin dabbobi da ta ce kowane yaro ya sani. Shi bai sani ba. Lokacin da sa'o'insa ke karanta irinsa yana bayan shanu, sai da gemu ya fito masa ya koyi boko.

Ya zauna bakin gado yana bin layi da yatsa. Wata kurciya ce iska ta kayar mata da sheƙa, ƙwanta ya fashe. Maƙwabcinta kunkuru yana gindin bishiyar, ya ga komai, bai san abin da zai ce ba, sai ya ja kansa cikin ƙoƙo. Ko da ya leƙo, ta ƙetare kogi. Ya kama hanya yana jan ciki...

Sauran shafukan gara ta cinye.

Ya juya littafin, ya karkaɗe shi, ya leƙa ƙarƙashin gado. Babu. Zama ya gagare shi.

Ana idar da azahar ya turo babur. Kawu ya tambaye shi ina zuwa, ya durƙusa ya ce Kazaure, a yafe masa. Tsohon ya kau da kai. Hamma ya tashi a haka.

Surukarsa ta amsa gaisuwarsa a daƙile, ta sa aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. An jima Nafisat ta fito. Ta rame, har hijabin ya yi mata yawa.

"Lafiya?"

Ya miƙa mata littafin. "Kunkurun nan... ya isa?"

"Abin da ya taso ka tun daga Gwiwa ke nan?"

"Ya isa?"

"Ya isa. Da ya isa ma bai ce komai ba, kurciyar ce ta yi ta magana har suka shirya." Ta ajiye littafin a gabansa. "Labarin yara ne, Hamma. Ni ba zan iya yin irin na kurciyar ba."

Ta miƙe. Ya kama bakin hijabinta. Bakinsa ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa.

"Kullum in na kora shanu, ta maƙabarta nake bi. Na zagaye kabarinsa da ƙaya kada su taka shi. Nafi... har yanzu ina jin nauyinsa a hannuna."

Ta daɗe a tsaye, sannan ta sulale ta zauna kusa da shi.

"Me ya hana ka gaya min?"

"Ba a koya min ba."

Kukan ya zo masa gaba ɗaya, mai sauti, kafaɗunsa na rawa. A waje ana jin takun mutane masu tafiya masallaci. Nafisat ta dubi ƙofa, ta ja gefen hijabinta ta rufe masa fuska.

"Yi abinka, rabin raina," ta ce, nata hawayen na zuba a kan hularsa. "Ni kaɗai ce ke gani."