Wanda Ya Amsa a Shafin Umair

Ana kiran magariba a unguwar Damilu, Inna Sabuwa na kwashe tuwo, 'yarta Yusrah na bakin ƙofa riƙe da waya. Shekara tara ke nan da ɓatan Umair, ɗan fari na gidan, tun ranar da mayaƙa suka shiga Mubi yana karatu a can. Ba a ga gawa ba, ba a ji labari ba.

Yusrah ce ta buɗe masa shafi a soshiyal midiya. Ta ce wa uwar wuri ne da kowa ke manna hoto da magana, na Legas ya gani, na Garwa ya gani, wannan ya tura wa wancan. Kullum sai ta sa hotonsa, ta kira shi da Hamma, wato yaya, ta rubuta, "Hamma Umair, kana ina?" Dubban mutane suna amsawa da Allah ya bayyana shi, su wuce zuwa bidiyon biki.

A wannan yammacin yarinyar ta ɗago kai a hankali.

"Inna, wani ya rubuta, ga ni."

Kafin uwar ta ajiye mara, dutse ya sauka a kan kwanon rufin ɗaki. Na biyu ya biyo. Unguwar ta yi tsit, har kaji suka daina motsi a akurki.

Kwana shida ana haka, duk faɗuwar rana. Yusrah ta daina cin abinci. Takan zauna da wayar a kashe tana shafa gilashin, tana dariya da muryar namiji.

Ran na bakwai Modibbo Bobboyi, malami mai ruƙiyya, ya zo daga Wuro Hausa. Ya daɗe yana karatu kafin bakin yarinyar ya buɗe.

"Ni ba baƙo ba ne. Kirana aka yi."

"Wa ya kira ka?" in ji Modibbo.

"Kullum ana kiran suna, mai sunan bai amsa ba. Na ga wurin babu kowa, na zauna."

Inna Sabuwa ta rarrafo kusa. "Yana da rai? Don Allah, yana da rai?"

"A bar mini yarinyar, in faɗa miki."

Modibbo bai ɗaga murya ba. "Ƙarya yake, Inna. Abin da kuka rubuta kaɗai ya sani." Ya ci gaba da karatu har jikin yarinyar ya fara karkarwa.

"Zan fita," in ji muryar. "Amma a rufe shafin, a goge hotunan duka. Muddin ana kira, zan dawo."

Hotunan nan su ke nan na Umair a duniya. Uwar ta dubi 'yarta kwance, idanu a juye, ƙasusuwan wuya duk a waje. Ba ta iya karatu ba, sai Modibbo ya nuna mata inda za ta danna. Ta danna.

Yusrah ta yi atishawa sau uku, ta nemi ruwa. Jifa bai sake sauka ba, kuma yarinyar ba ta ƙara ambaton yayanta ba.

Bayan wata huɗu, Inna Sabuwa na zaune kan sallaya ta rufe ido ta nemi fuskar ɗanta. Ta samu goshin, ta samu kunnuwan. Ta jima tana jira, sauran bai zo ba.